Motata Ta Kwanta a Bakin Ruwan Wara

Jama'a, na tsufa amma wautata tana nan daram!

Na sa bakanike ya sauke motar nan tawa mai gudu ƙasa-ƙasa, sabbin shokazoba, tayoyi masu faɗi. Yac ce, "Baba, kwalta kaɗai fa za ta bi." Nic ce, "Tun ba a haife ka ba nike tuƙi!"

Yau na tai bakin ruwan Wara ɗaukar kifi. Kwando huɗu munka loda, sai motar ta kwanta bisa yashi kamar kada! Masunta takwas sunka ciccibe ta da waƙar jan jirgi, ina ciki riƙe da sitiyari. Na ƙi fita. Kuma wallahi ba ni sa bakanike ya sake ƙara mata tsawo!

Da munka kai kwalta, babbansu na haki yac ce, "Alhaji, tunda mu ne tayoyin, waɗannan na ado ne?"