'Yar Lukuta Ba Mayaƙiya Ba Ce

A tashar jirgin ƙasa ta Xi'an, wata gajeriyar dattijuwa tana tsaye gaban teburin jiragen wasan yara, idonta na ƙyalli. Mai tebur ya manna wa wani ƙaton jirgin soja harafin J, wai mayaƙi ne. Ƙarya da rana tsaka.

Ta fizge shi. "Ƙanena, idonka na ado ne? J na masu faɗa ne. Wannan Y ce, dako take yi. 'Yar Lukuta muke ce mata."

"Inna, mai faɗa yara ke so."

"To wa ke kai wa mayaƙan shinkafa?"

Da gani, hannayen nan sun shekara talatin suna ɗaure kusoshin 'Yar Lukuta ta gaske a masana'anta. Tana goge mata tumbi da hannun riga, ta ƙi sakinta sai ya ɓare harafin.