Bulo Biyu da Rawanin Malam Sabo

Har gobe ba na manta yammacin da aka turo mana bulon siminti ɗakin karatu. Lokacin ina mai kula da littattafai a wata sakandare a Keffi, shekarun da kuɗin mai ya fara zuba, ana ta ɗauko malamai daga Indiya.

Mataimakin shugaban makarantarmu, Malam Sabo, ciwon baya ya sa shi gaba har ruku'u ya gagare shi. Shi ke jan mu sallar azahar a da, sai ga shi yana salla a zaune, abin na cin ransa. Malamin lissafi, Mista Nayar, mutumin Indiya, ya ce ya gwada yoga, wato miƙe gaɓoɓi a hankali.

Littattafai biyu gare mu a kai. Ƙa'idar aikinmu, ka san inda mai aro ya kai kafin ka zaɓa masa. Na miƙa masa siririn, na 'yan koyo. Ya ture, ya rungumi ƙaton, mai hoton wani tsoho da ƙafa saƙale a wuya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan na waɗanda suka yi nisa ne."

Ya ce, "Ni za ka ba littafin 'yan aji ɗaya?"

Washegari da sanda ya zo aiki. Na tausaya masa, amma sai da na laɓe bayan kanta na dara.

Mista Nayar ya ce ɗan koyo ba ya tilasta wa hannu taɓa ƙasa, abin dafawa ake sa masa. A samo bulo biyu da bel na jawo ƙafa. Guntun katako yake nufi da bulo. Malam Sabo kuwa bulo ɗaya ya sani a duniya, ya aika wurin magina. Sai ga baro a ƙofata.

Na ce, "Malam, baya za mu gyara ko ɗaki za mu tayar?"

Ni da ban yarda littafi ya taɓa ƙasa ba, da hannuna na shimfiɗa tabarma, na ɗora ƙaton littafin nan da ƙamus, ya dafa su a madadin bulo. Rawaninsa ya zama bel. Da zai fita ya rage murya, ya ce in sa masa siririn cikin ambulan.

Kafin a yi hutu, Malam Sabo ya koma gaban sahu. Ya daɗe a ruku'un farko har namu bayan ya fara ƙara, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ku masu tasowa a aikin nan, ku sani babba ba ya ƙin littafin 'yan koyo. A gan shi da shi ne ba ya so. Ku riƙa ajiye ambulan kusa.