Hannun Inna da yumɓu

Inna maginiyar tukwane ce a Jiratawa, kuma da randunanta ta ciyar da mu. Shekarar da yajin aiki ya zama ruwan dare, ta faɗo daga amalanke a hanyar kasuwar Maraɗi, ta dafa ƙasa da hannun dama. Mai ɗorin Tsibiri ya lalluba ya ce ba karaya ba ce, wani ɗan ƙashi ne ya goce a wuyan hannu, wannan kuwa sai asibiti.

An yi mata aiki. Likita ya tsaga wurin, ya mayar da ƙashin, ya kafe shi da siraran ƙarafa. Da aka cire filasta ya ce saura motsa hannu, sai dai mai koyar da wannan yana yajin aiki. Likitan ya ce ta riƙa matsa abu mai laushi kullum, ko da zafi.

Gidan yayana ta yi jinya, a Sabon Gari. Mu kuwa a wurinmu, uwa ba ta ɗaga ko tsinke a gidan ɗanta, balle tana ciwo. 'Yan dubiya suna ta zuwa, kowa da kwanonsa da idonsa. Ta miƙa hannu ga buta, a riga ta. Ta ce za ta ɓare gyaɗa, a janye faifan. Har fura sai an riƙe mata ludayi, sai ka ce jaririya.

Wata rana ta ce wa yayana, “Ka sa a kawo mini ɗan yumɓu daga gida in riƙa murzawa.”

Ya ce, “Haba Inna, mi mutane za su ce da mu? Ki huta, kin yi mai wuyar.”

Ba ta sake roƙa ba. Maganar likita kuwa mun ɗauke ta zancen wanda bai san darajar uwa ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don babu mai mugun nufi a cikinmu.

Bayan damina ta koma Jiratawa da hannu a sandare. Ina nan ranar da ta zauna gina tulu. Cikin ya tashi daidai, amma da ta zo wuya hannun ya ƙi juyawa, bakin ya karkace. Ta rushe, ta sake, ya sake karkacewa. Ta wanke hannunta a hankali, ta dube ni ta ce, “Allah shi yi muku albarka, ɗiyata. Kun kula da ni ƙwarai.”