Ƙugiyar da ke Sunan Ɗan Fari

"To ni mi na sani, Gado? Tambayata ta yi, ni ko na ce mata i."

"Da Turanci ta tambaye ka, Malam?"

"Da Turanci mana. Cewa ta yi akwai sabuwar manhaja, in ina so ta sauya tsohuwar da ke tahiyar da ita. Wa ka ƙin sabo? Ta kai sittin da ɗaya cikin ɗari, janareto ya yi tari biyu ya mutu. Tun rannan in anka kunna ta sai ta yi ta juya 'yan ɗige-ɗige, ta mutu, ta tashi, ta koma."

Gado ya jawo kayan gabansa. Ya kwance buhun albasar da Malam Labbo ya naɗo kwamfutar a ciki tun daga Mungadi, ya ɗora ta kan tebur. Tsohuwa ce irin ta girke, farinta ya koma ruwan ƙasa. Babban ɗan Malam ne ya kawo masa ita lokacin da ya yi ritaya daga koyarwa. A cikinta akwai aikin shekara shida: littafin kalmomi da karin maganar manoma da makiyaya da Malam ya bi ƙauyuka yana tattarawa, daga Gumbin Kure har Fagada. Fiye da rabin tsofaffin da suka ba shi su sun riga mu gidan gaskiya, kuma bai ajiye kwafi a ko'ina ba.

"Na kai ta Birnin Kabi," in ji Malam. "Wani yaro mai gilashi ya cire faifanta ya sa a wata. Ya ce ɗan wajena ya kulle jakar littahin, ba ta buɗewa sai a cikin gidanta. Wai maganin guda na, a goge komi a zuba sabo."

"Yanke ƙafa ke nan don targaɗe," in ji Gado.

Maganar ba daga sama ya ɗauko ta ba. A Aliero aka haife shi, mahaifinsa mai ɗori ne, kuma tun yana ƙarami yake riƙe ƙafar mutane ana ja. Bai gaji sana'ar ba, don jini na juya masa ciki. Yana aji uku na sakandare ya bar makaranta ya kama gyaran rediyo a kasuwar Jega. Rediyo ta ja baya ya koma kaset, kaset ya mutu ya koma waya, daga nan kwamfuta ta same shi a rumfar. Yanzu furfura ta fara masa. Turancinsa bai wuce na gane hanya ba. Amma ya taho da abu ɗaya daga zauren mahaifinsa: ba a jan ƙashi sai an laluba an san inda ya karye.

Ya jona ta da wutar solarsa, ya kunna, ya kara kunne a jikin ƙarfen kamar mai sauraren cikin mara lafiya. Faifan na juyawa lami lafiya, babu ƙas-ƙas ɗin da yake tsoro.

"Zuciyarta lahiya lau," ya ce. "Littahinka na nan ciki."

Malam Labbo ya sauke numfashi, ya zauna a kan benci.

Gado ya kashe ta, ya kwance murfin. Ɓawon albasa ya zubo, sannan ga gidan zanzaro guda biyu a manne kusa da fanka.

"Malam, ashe haya ka ba da a ciki?"

"Kai dai yi aikinka, ɗan mai ɗori. Da can ma surutu ya hana ka iya shifta."

Gaskiya ce. Malam Labbo ya koyar da shi Hausa a firamare, lokacin da aka turo shi Aliero, kuma Gado ya sha dorina a hannunsa ba sau ɗaya ba.

Ya share cikin da burushi, ya zare 'yan sandunan ƙwaƙwalwa ya goge bakinsu ya mayar, ya sauya ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo wanda ke riƙe mata kwanan wata. Ya sake kunnawa. 'Yan ɗige-ɗigen suka dawo suna kewaye. Bai damu ba. Ya danne maɓallin wuta har ta mutu, ya tashe ta, ya sake kashe ta, har sau uku. A na huɗu sai shuɗin shafi ya bayyana, wanda na'ura ke buɗewa idan ta yarda cewa ba ta da lafiya. Ya bi layukan da yatsa har ya kai inda ake cewa a koma tsohuwar manhaja.

"Ga ɗorin nan, Malam. Za mu maishe ta yadda take kahin ka ce mata i. Kalmar sirrinka kaɗai take jira."

Ya tura masa allon rubutu, ya kau da kai wajen titi, yana kallon motocin albasa na wucewa. Haka yake yi wa kowa. Ya ji ƙarar maɓallai, sannan shiru.

"Ta ce ba daidai ba."

"Sake, a hankali."

Malam ya sake. Ya kuma sakewa. A karo na huɗu ma ta ƙi.

"Gado, kalma wagga kullum sai na rubuta ta, shekara shida. Ko cikin barci anka tashe ni ba ni kuskure ta."

Gado ya duba ko manyan baƙaƙe ne a kunne. Ba su ba ne. Ya zare allon rubutun ya jona wani nasa. Duk ɗaya. Zufa ta karyo masa, don ya san idan ƙofar nan ta ƙi buɗuwa, maganar yaro mai gilashi ta tabbata.

"Malam, hwaɗa mini ita in gwada da hannuna."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya gyara hularsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ba ta hwaɗuwa."

"Ni hwa ɗanka na. Mi za ni yi da sirrinka?"

"Ba don haka ba. Suna na. Sunan... wancan yaron."

Gado ya tsaya da sukuddireba a hannu. Wancan yaron. Shekara arba'in ke nan da haihuwar ɗan farin Malam, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan ya fito daga bakinsa, don alkunya. Ashe abin da baki ya kasa faɗa, yatsu ne ke faɗarsa kowace safiya. Gado ya san mutumin sarai, tare suka yi ƙwallo a Aliero. Sunansa Ya'ƙub. Ya rubuta sunan a zuciyarsa harafi bayan harafi, yana isowa na tsakiya sai bayan hannunsa ya tuna dorina.

"Malam, ka yi mini izini in dubi hannunka sau guda."

Malam ya ɗaga kai alamar to. Gado ya zuba ido. Da aka zo tsakiyar sunan, babban yatsan tsohon ya danne wani maɓalli a ƙasa, sannan manuniya ta buga k.

Gado ya tuntsire da dariya har mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo.

"Mi ab abin dariya?"

"Wa ya koya mini cewa kafa daban, ƙafa daban? Wa ya ce wanda ya bar ƙugiya ya bar ma'ana? Kai kana sa ƙugiyarka daidai, Malam. Ita ce ba ta ji. Shahin ga da Turanci ya tashi, bai san harahin Hausa ba."

A ƙasan shafin akwai ɗan layi na sauya tsarin allon rubutu. Gado ya shiga, ya yi ta wuce sunayen harsunan duniya shafi bayan shafi, har ya ga an rubuta Hausa. Ya zaɓa, ya sake kau da kai wajen titi.

Wannan karon bai ji shiru ba. Kabbara ya ji.

Komawar ta ɗauki kusan awa guda. Suka yi azahar suka dawo tana kan aiki. Da ta gama, tsohon hoton gonar albasa ya bayyana a fuskarta, ga jakar littafin a kusurwar da take zama. Malam ya buɗe. Shafi ɗari uku da goma sha ɗaya, ba wanda ya ɓace. Ya karanta layin farko a bayyane.

Gado bai bar shi ya tashi ba sai da ya cire wa jakar makullin, ya kwafe littafin a filashi biyu. Ɗaya ya sa masa a aljihun gaba, ɗaya ya ce a ba Inna Tasalla, matar Malam, ta jefa a ƙasan adaka.

"In ta sake tambayarka wani abu kuma?"

"In ce sai na shawarci ɗan mai ɗori." Malam ya miƙe yana naɗe buhu. "Ashe dorinar nan ba ta tahi banza ba."

"Ta yi rana, Malam. Amma da ka rage kaɗan."

Gado ya taya shi ɗaure kwamfutar a bayan babur, ya ja igiyar ya tabbatar ta kamu. Sannan ya tattara burushi da sukuddireba a jakarsa, ya ce wa mai shayi ya duba masa rumfa. Akwai na'urar buga takardu a wani shago bayan tasha da ta kwana biyu tana cin takarda. Ya rataya jakar a kafaɗa, ya tsallaka titi.