Likitoci Uku a Kan Idona na Dama

Ina tsaye a karar shanu ta Maigatari wata Alhamis idona na dama ya ɗauke, kamar an ja labule. Babu zafi. Na murza, na wanke da ruwan buta, bai dawo ba.

Bayan kwana biyu ƙanena ya kai ni Gumel. Likitar ido, sa'ar 'yata ta uku, ta ɗiga magani ta leƙa da fitila. Ta ce jijiyar da ke kai jini cikin idon ce ta toshe: wurin ya yi fari, da ɗigon ja a tsakiya, kuma ta hango wani ɗan tsaki mai sheƙi a jijiyar.

"Baba, wannan idon da wuya ya dawo. Na hagun nake jiye wa, da shanyewar jiki. Gobe a duba wuyanka da zuciyarka, don daga can irin wannan tsakin ke tahowa."

Ban je ba. Na yi fatauci daga Agadas har Kumasi, ban taɓa sayen bijimi da maganar dillali ɗaya ba. Na ɓoye takardar da ta rubuta mini, na tsallaka Damagaram. Da likitan can Faransanci muka yi. Ya ga farin, bai ga tsakin ba. Bayan mako uku, wani likita a Kano ya ce farin ma ya kusa gushewa, sai jijiyoyin da suka sirance.

Nan na baje masa takardun biyu, ina ganin na kama likitocin.

"Ku uku, baki uku. Wa zan bi?"

Ya yi dariya. "Alhaji, jarrabawa ka shirya mana ke nan? Alamun nan suna sauyawa da kwanaki. Tsakin kuwa, ko rana ɗaya muka duba, wani zai gani, wani ya rasa. Mu ma mun san da haka. Amma karanta ƙasan kowace takarda."

Na karanta ta Turanci, na karanta ta Faransanci. Umarni ɗaya ne: wuya, zuciya, hawan jini, ba tare da jinkiri ba.

A ranar aka duba, aka tarar jijiyar wuyana ta fara cushewa. Aka ɗora ni a kan magani, Allah ya sa ban makara ba. Da idon hagu nake karatu yanzu, da shi na ga auren jikokina biyu.

Da na koma Gumel na faɗa wa likitar yawon da na yi, ba ta yi fushi ba. Ta ce in kawo takardun sauran, tana so ta ga inda suka saɓa da ita.