Shafin da Bai Ajiye Ba

Akwai wata rana cikin takabar maigidana da ba za ta taɓa fita raina ba.

Marigayin shi ya rubuta wa wata ƙungiyar manoman gyaɗa ta Tirmini lojisiyel ɗin da suke aiki da shi, wato manhajar ordinatè, kwamfuta ke nan. Duk rubutunsa, na aiki da na kansa, a wani lojisiyel mai baƙin shafi yake yi. Na sha ce masa ya koma mai farin shafi irin na sakatarorin biro, wato ofis. Sai ya ce, "Batirin ordinatè ɗin nan ya mutu. Wannan kuwa ko wutar kuran ta ɗauke, ba ya mance abin da na rubuta."

Bayan sadakar arba'in, ƙanena ya ce a goge komai na cikin ordinatè ɗin a ba 'yata ta yi karatu da shi. Na yarda. A satin nan wani abokin aikin marigayin ya zo har sau uku yana tambayar ordinatè ɗin. Raina bai kwanta ba. Na ce a zuciyata aikin mamaci yake so ya sa wa sunansa.

Zuwansa na uku na tsaya bayan labulen zaure.

"Malam, me kake nema a ciki?"

"Maman yara, ba na neman komai. Kar dai a goge kafin a buɗe."

"In za ka buɗe, a nan za ka buɗe, ina kallo."

Na miƙa masa ordinatè ɗin, ya zauna a tabarma ya kunna. Idona na kan hannunsa, ko zai zaro kle, ɗan abin kwafar bayanai, daga aljihu. Bai zaro ba. Baƙin shafin ya fito yadda mai shi ya bar shi. Ya nuna mini wani ɗan ɗigo a sama, ya ce alamar ba a ajiye wannan rubutun ba, kuma marigayin ya taɓa gaya masa yana rubuta wa 'yarsa wani abu. Ya juyo mini allon, ya kau da kai.

Labarin haɗuwata da marigayin ne. Layin ƙarshe ya ce: "Mamanki ba ta saurin yarda da mutum. Ranar da na fara zuwa gidansu, ta ɗauka" A nan ya tsaya.

Na kasa ce wa mutumin komai sai "Allah ya saka da alheri."

Tun ranar nake jinkirta zargi. Wanda na tsare wa ƙofa shi ya cece mini maganar mijina ta ƙarshe, ni kuwa da bakina na yarda a goge ta.