Makullin da na rataye a ƙusa

Shekarun baya, tun muna cikin Jihar Kano, lokacin da kuɗin mai ya fara zagayowa har aka gina mana ɗan asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye kusa da Sara, ni ne malamin kati. Aikina in rubuta sunan marar lafiya da ciwonsa, in jera a kabad, in datse da kwaɗo. Ranar da aka miƙa mini makullin, ji na yi kamar an naɗa ni dagaci. Har igiya na yi masa na rataya a wuya.

Ba a yi wata uku ba sarautar ta ishe ni. Ina gona a aiko, ina cin tuwo a aiko. Dattijo ya zo ya ce, "Malam, ba ni in ɗauko katin iyalina," ni kuwa ina zan iya duban sa'an mahaifina in ce a'a? Na ba ungozoma, na ba mai shara, na ba mai gadi. Daga ƙarshe na ce wahalar me nake sha, na buga ƙusa a bayan ƙofa na rataye makullin. Hujjata ita ce masu karatun boko a ƙauyen ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Abokina wanzami ne. Kowace Juma'a da hantsi nakan zauna a tabarmarsa a gindin tsamiya, ya kama kaina yana juyawa yana cewa, "Wannan kai naka, Malam, kwana-kwanarsa ta fi ta hanyar Gwaram." Hannunsa sanyi gare shi, sau da yawa barci nake yi kafin ya gama. Ban taɓa samun wanda nake sakewa da shi kamarsa ba.

Wata rana bayan la'asar, da mutane suka watse, ya shigo ya ɗaga rigarsa. Akwai wani tabo fari-fari a bayansa, ko an tsira masa allura ba ya ji. Malamin asibiti ya ce farkon kuturta ce, amma an tare ta da wuri. In dai bai yi fashin shan ƙwaya ba, ko yatsa ɗaya ba zai rasa ba. Ina cika masa kati ya riƙe hannuna.

"Malam, takardar nan wa zai gani?"

"Daga ni sai malamin asibiti," na ce, alhali makulli na reto a ƙusa a bayana. Don ma in riƙa samun katin da sauri, sai na rubuta sunan ciwon da manyan baƙaƙe a sama, da Hausa.

Mai gadinmu dattijon kirki ne, bai san mugunta ba. Sai dai ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya zama ko gwangwanin madara ya gani sai ya karanta. Ranar kasuwa na tafi sallar azahar, shi kuma ya kwaso katunan wai ya taimaka wa masu jira. Ya zauna a baranda yana haɗa baƙi da ƙarfi, ana dariya ana yaba masa. Da na dawo na tarar yana riƙe da katin abokina, ya riga ya karanta a gaban kowa, ya kasa kallona.

Ba wanda ya kori abokina. Daina zuwa kawai aka yi. Aka yi suna biyu ba a kira shi ba, kaciyar shekarar ma wani wanzami aka ɗauko daga Dingaya. Juma'ar da ta biyo ni kaɗai ne a tabarma. Ya yi mini aski tsaf, bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Na fara ba shi haƙuri, sai ya ce, "Bari, Malam. Ai ba ƙarya aka karanta ba." Ni da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan an cire amfanin gona ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Sau biyu ina hawa keke zuwa Birnin Kudu ina bin rumfunan wanzamai, ba wanda ya san shi. Ƙwayoyinsa suka yi ta jiransa har aka ba wani.

Kwanan baya 'yata mai aikin rubuta manhaja take ba ni labari, wai su ma babbar matsalarsu ita ce mutum ya ji ƙyuyar tantance wa zai buɗe fayil, sai ya bar wa kowa izini don aiki ya yi sauri. Na ce mata ubanki ya riga su, da ƙusa ya yi nasa. Ta yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka kirki nake yi wa jama'a, ashe kyauta nake da abin da ba nawa ba.

Har yau ina kewarsa, kewa mai tsanani. Na san ya yafe mini, ba wannan ke damuna ba. So nake kawai wani ya ce mini ya sami wani asibitin ya ci gaba da shan magani, kuma ya tsufa da yatsunsa goma.